Ku Tambayi Kawu: Fijon Gado, Marsandi Mai Tafasa da Sauran Wasiƙu

Wasiƙun wannan wata sun yi yawa, amma kusan rabinsu tambaya ɗaya ce: wane fenti ya kamata in yi wa tsohuwar motata? Masu wannan tambaya su duba ƙarshen amsar farko, nasu yana can. Sauran na zaɓo su ne daga cikin waɗanda nake ganin kuɗi ko rai na iya salwanta idan aka yi jinkirin amsa su.

Assalamu alaikum Kawu. Mahaifinmu ya rasu ya bar Peugeot 504 fara, ƙirar Kaduna, wadda ya saya sabuwa da rancen mota lokacin yana aikin gwamnati. Shekara 9 ke nan tana ajiye a gindin darbejiya a tsakar gida, tun da ciwon ƙafa ya hana shi tuƙi. Yayyena maza sun ce a kira 'yan gwangwan su ɗauke ta. Ni kuwa a cikinta aka kai ni makarantar kwana, ba zan iya ganin ana sassara ta ba. Wani bakanike ya ce in kawo batir da galan ɗin mai, cikin awa ɗaya zai tayar da ita. Maigidana kuma ya ce a fara da fenti. Daga ina zan fara?
*Wata malamar makaranta, Zariya*

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata namu zuwan.

Kafin a kwance ko kusa ɗaya, a gama maganar gado. Motar nan ba taki ba ce tukuna, ta dukan magada ce. Ki nemi a kira mutum biyu da suka san farashin tsofaffin motoci, ba mai ɗora ƙarfe a sikeli ba, su yi mata kuɗi a gaban kowa. Sannan malamin da ke raba gadon ya sa ta a kasonki, ko ki biya 'yan'uwanki nasu. A rubuta, a sa hannu, a yi shaidu. Motar da yau kowa ke kira tarkace, ranar da ta fito daga wurin fenti tana sheƙi kowa zai tuna cewa ta ubansa ce.

Shi kuma wancan bakaniken, kada ki ba shi batir. Ba ƙarya ya yi ba, zai iya tayar da ita cikin awa ɗaya. Za ta yi tari, ta cika gidan da hayaƙi, yara su yi sowa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ɓarnar sai daga baya za ki gan ta. Injin da ya shekara 9 a kwance, bakin man da ke jikin silinda ya daɗe da tsiyayewa ƙasa, ringi sun manne, wataƙila tsatsa ta ɗan kama bango. Aka murɗa makulli a haka, ƙarfe zai goga ƙarfe a bushe, ringi ya karye ya kankare silinda, aikin da mai da haƙuri za su yi ya koma aikin sauke inji.

Ga yadda ake tashin mai dogon barci. A cire fulogi huɗun, a zuba kamar cokali biyu na bakin mai a kowane rami, a bar shi kwana biyu ko uku ya jiƙa. Sai a sa sifana a kusar fulin gaba a juya injin da hannu, a hankali. Idan ya zagaya, alhamdu lillahi. Idan ya cije, kada a yi masa dole, a ƙara mai a ƙara jira. A zubar da tsohon bakin mai a cikin kwano mai tsabta a duba shi da kyau: idan ya yi fari-fari, ruwa ya shiga, kuma dole a san ta inda ya bi kafin a ci gaba. A sa sabuwar filta da sabon mai mai kauri, 20W-50 shi ne abincin irin wannan injin a zafinmu. Sannan a sa batir a juya injin ba fulogi, har jar fitilar mai da ke gaban direba ta mutu. Sai a lokacin ake maganar wuta.

Man fetur ɗin da ke cikin tanki ba fetur ba ne yanzu, ya zama wani jan danƙo mai wari. A sauke tankin a wanke. A sauya duk wata tiyon roba da mai ke bi, ko da a ido tana da kyau, domin daga ciki take ruɓewa. A kwance kafireto, Solex ce a yawancinsu, a wanke ƙananan ramukanta da mai da iska, ba a zura musu waya ba. A duba robar famfon mai. A leƙa gidan filtar iska da bayan dashbod, ɓeraye na son su haihu a nan, kuma suna cin rigar waya. Zanzaro ma yana gina ɗakinsa a duk ramin da ya samu. Tazarar kontak ta zama milimita 0.40, ta bawul kuma, injin na sanyi, 0.10 a na shiga da 0.25 a na fita.

Amma abin da zai yanke hukunci ko aikin ya cancanci kuɗinki ba inji ba ne, jiki ne. Darbejiya ta ba ta inuwa, ta kuma yi ta zuba mata ganye. Ki duba ramukan iskar da ke ƙasan gilashin gaba, tsakaninsa da bonet. Za ki tarar ganyen shekara da shekaru ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa, ya toshe hanyar da ruwan sama ke fita, ruwan ya riƙa gangarowa ƙarƙashin ƙafar direba. Ki sa a ɗaga kafet gaba da baya, a ɗauki sukundireba a riƙa dannawa: daɓen ƙasa, ƙarƙashin ƙofofi, wurin zaman batir, saman da shokazoba na gaba ke ɗaure, da cikin but. Inda ƙarfe ya yi ƙara, lafiya. Inda sukundireba ta nutse, a zagaye da alli. A nan mu 'yan Arewa muna da sa'a. Ba a watsa gishiri a titinmu kamar yadda ake yi a Turai lokacin ƙanƙara, ba mu kuma da iskar teku irin ta Legas. Sau da yawa za ki ga Fijon da fentinta ya ƙone ƙurmus amma ƙashinta garau.

Akwai abu guda da nake so ki haddace, ko da ba ki san komai a inji ba. Silindar 504 ba a jikin bulok aka huda ta ba, kwasfa ce ta ƙarfe da ake zurawa, ruwa na zagaye da ita, tana zaune a kan wani siririn abin toshiya a gindinta. Idan ta kama a cire kan injin, ba a fizge shi sama, ana ɗan karkata shi gefe ne har ya saki. Bayan an cire kuma ba a juya injin sai an danne kwasfofin da kusa da wasa. Wanda bai sani ba ya juya, kwasfa ta motsa, ruwa ya fara zuba cikin bakin mai, a yi ta sauya gasket ana zagin masu sayar da kaya. Ki tambayi duk bakaniken da zai karɓi aikin yadda yake cire kan 504. Amsarsa za ta gaya miki ko shi ne.

Kuma masu sanin suna nan. Motar ta fito a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar PAN mai haɗa Fijo a Kakuri, Kaduna. Faransawa sun daina ƙera ta a 1983, Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara 20 bayan haka. Tsakanin Kaduna da Zariya akwai dattawan da hannunsu ya tsufa a cikin wannan injin. Irinsu za ki nema, ba yaron da ke jiran kwamfuta ta gaya masa ciwon mota ba.

Ko injin ya tashi yana kiɗa, kada motar ta fita ƙofar gida sai an yi birki. Man birki yana shan danshi, ya ci bututu da robobi daga ciki. A zubar da shi duka, a sauya tiyoyin roba da robobin masta, a sa sabon DOT 4. Ƙurar tsohon birki kuma kada yaron gareji ya hura ta da baki ko da iska, na wancan zamani akwai asbestos a ciki, yana lalata huhu. A jiƙa tsumma a goge. Tayoyi a zubar, ko da zanensu bai taɓu ba. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In kika ga lamba uku ce, tayar ta girmi shekarar 2000.

Fenti shi ne ƙarshe, ki gaya wa maigida in ji ni. Sai an yanke duk inda aka zagaye da alli an yi waldar sabon ƙarfe, an tuƙa motar wata biyu ko uku ta gama nuna halinta. Fenti a kan tsatsa yaɓen siminti ne a kan katangar da gara ta cinye. Idan lokacin ya zo, ki tafi da ɗan maganaɗisu wurin mai gyaran jiki: inda ya ƙi kamawa, bodi fila aka lafta. Launi kuwa, a mayar mata da farinta. Cikin murfin but, inda rana ba ta taɓa ba, zai nuna wa mai haɗa fenti asalin farin.

Kawu, ina da Mercedes 230E ta 1983, mai injekta. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma in na je kasuwa na kashe ta na rabin awa sai ta yi ta wahalar da ni. Ga shan mai, ga allurar zafi tana hawa in na shiga cunkoso. Bakanikena ya cire tamostat ya yar, ya ce na ƙasar sanyi ne. Yanzu kuma ya ce a cire injektar gaba ɗaya a sa kafireto, a huta. In yarda?
*Wani ɗan kasuwa, Kano*

Alhaji, ranka ya daɗe, kada ka yarda. Kuma ka aika a sayo tamostat yau.

Wannan maganar ta "na ƙasar sanyi ne" ta kashe injina a ƙasar nan fiye da ramukan titi. Tamostat ɗin Marsandi ƙofa biyu yake tsaro. In inji na sanyi, yana rufe hanyar lagireto ya bar ruwa ya zagaya ta gajeriyar hanya a cikin injin. In zafi ya kai wajen digiri 87, sai ya buɗe ta lagireto, ya kuma toshe gajeriyar. Da aka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe har abada, ruwa kuwa inda ya fi sauƙi yake bi. Wani kaso mai yawa na ruwan yana ta zagaye a cikin injin bai ga lagireto ba. Shi ya sa a buɗaɗɗen titi allurar take kwanciya ƙasa, injin bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai yana cin kansa. A cunkoson Ƙofar Nasarawa kuma ta tashi sama. An yi asara ta gaba da ta baya.

Bayan an mayar da shi, a sauke lagireto a kai a buɗe a wanke, domin shekarun ruwan rijiya da na burtsatse sun bar farin dutse a cikin bututunta. A duba murfinta. Mutane na raina murfin nan, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Mai riƙe bar 1 (bar ma'aunin matsi ne) yana kai shi wajen digiri 120. A duba fanka na kamawa in zafi ya hau. Sannan a daina zuba ruwa zalla. Koren ruwan nan ko shuɗi da ake sayarwa ba don ƙanƙara kawai aka yi shi ba, yana hana tsatsa cin kan injin, wanda na alminiyam ne.

Yanzu injekta. Abin da ke kan motarka Bosch K-Jetronic ne, wanda ya fito a 1973. Babu kwamfuta a cikinsa, babu tsafi. Iskar da injin ke ja tana motsa wani faifai, faifan ya tura wani ɗan sanda a cikin kan rabon mai, sandan ya buɗe wa fetur hanya zuwa bututu huɗu. Matsin mai ne ke tafiyar da komai, wajen bar 5. To duk ciwonsa a matsi ake gane shi, da agogon awo, ba da kunne ba.

Abin da ka kwatanta, tashi lafiya da safe da gardama in ta yi zafi, kusan kullum matsi ne ke zubewa bayan an kashe mota. Kusa da famfon mai, a ƙarƙashin motar ta baya, akwai wani ɗan gwangwani da aikinsa ke nan ya riƙe matsi na wani lokaci bayan an zare makulli. In robar cikinsa ta fashe, ko ɗan bawul ɗin bakin famfo ya daina riƙewa, ko injekta na ɗiga, matsin sai ya faɗi, zafin injin ya tafasa man da ke cikin bututu ya zama tururi. Kai kuma ka zo kana ta murɗa makulli kana tura tururi. Gwajinsa ba wuya: a ɗaura agogo, a kashe mota, a zauna a ga ko allura za ta tsaya ko za ta zube. Shan man kuma, a duba na'urar da ke ƙara mai lokacin sanyi, wadda ke jikin bulok. Injin da aka hana shi yin zafi, dama ita za ta yi ta ɗura masa mai.

Abokan gabar K-Jetronic biyu ne, datti da ruwa. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ya san abin da nake nufi. A riƙa sauya filtar mai a kan kari, a guji man bumburutu na gefen titi in da hali, kada a bar tanki ya riƙa kaiwa ƙasa. Akwai kuma wata 'yar kusa da ake juyawa da makullin alan mai milimita 3, tsakanin faifan iska da kan rabon mai. Kowane bakanike hannunsa na ƙaiƙayi a kanta. Kada a taɓa ta sai an gama gyara matsi.

In ka sa kafireto, motar za ta tafi, ban musa ba. Amma 230E ƙarfin doki 136 take bayarwa, 'yar'uwarta 200 mai kafireto daga kamfani 109. Taka da za a yi wa haɗe-haɗe a gareji, Allah kaɗai ya san nawa za ta bayar, kuma ranar sayarwa mai sanin mota yana ɗaga bonet zai rage maka kuɗi. Bakanikenka ba mugu ba ne, abin da bai iya ba yake son cirewa. Ka bar masa birki da ƙafa, ka nemi mai agogo ya yi maka injekta.

Kawu, Mercedes 240D ce da ni mai gas, wato dizal. Kwanan nan in na zare makulli ba ta mutuwa, sai ta ci gaba da aiki. Wasu sun ce wayoyi ne, wasu sun ce a yi mata addu'a.
*Wani direba, Maraɗi*

Addu'a ba ta ɓaci, ɗan'uwa, amma ka haɗa da tiyo. Injin dizal na wancan zamani ba ya buƙatar wutar lantarki in ya riga ya tashi, don haka makulli ba wuta yake yankewa ba. Iska yake zuƙewa ta wata siririyar tiyo, zuƙar ta ja wata roba a jikin famfon injekta ta rufe mai. In akwai ɓula a ko'ina, zuƙar ba ta isa. Kuma layin nan ɗaya ne da na makullan ƙofofi, shi ya sa sau da yawa laifin yana cikin ƙofa ko murfin tanki, ba a inji ba. Ka toshe layin da ya tafi ƙofofi ka gwada. In ta mutu, ka san inda za ka bi. Kafin nan, a jikin injin akwai ɗan hannu da aka rubuta STOP, ka danna shi za ta mutu.

Abu ɗaya kada ka yi wasa da shi: famfon da ke wannan zuƙar shi ne ke taimakon birki. In ka ji birki ya yi tauri, ka ajiye motar. In ba haka ba, ka riƙe abarka da kyau. Wani direban tasi a ƙasar Girka ya yi kilomita miliyan 4.6 da 240D, motar tana hannun gidan tarihin Mercedes a Jamus yanzu.

Kawu, na sayi Volkswagen kunkuru ta 1978 da kuɗin da na tara a bautar ƙasa. Wanda ya sayar mini ya cire gwangwanayen da ke kewaye da injin, ya ce don ya sha iska. In na hau tudu sai ƙarfinta ya ragu, in ji ƙauri. Abokaina suna ta yi mini dariya.
*Wani matashi, Jos*

Ɗana, bar su su yi dariya. An ƙera irin motarka fiye da miliyan 21 kafin a rufe layinta a Meziko a 2003, an kuma haɗa ta a Legas tun daga 1975. Amma ka daina hawa tudu da ita daga yau, sai ka mayar da gwangwanayen nan.

Kunkuru ba ta da lagireto. Fanka ce ke tura iska, gwangwanayen kuma su ne ke tilasta wa iskar ta bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda da kawunansu ta fita ta ƙasa. Da aka cire su, iskar tana watsewa inda ta ga dama. Haka robar da ke zagaye da injin, tsakaninsa da jikin mota: ita ke raba iskar sama mai sanyi da ta ƙasa mai zafin salansa. In babu ita, fankar zafin da ta fitar shi take sake shaƙa. Ƙaurin da kake ji bakin mai ne ke dahuwa. Abin da ke biyo baya shi ne bawul ya tsinke ya faɗa kan fistin, kuma a irin wannan injin silinda ta uku ce ta fi saurin kamuwa. Ka bi wuraren masu tsofaffin kunkuru ka haɗo gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, har ƙananan da ke ƙarƙashin silinda, waɗanda aka fi mantawa.

Sauran kulawarta ba ta da yawa, amma ba ta yafiya. Bakin mai lita biyu da rabi kacal take ɗauka, ba ta da filta sai 'yar rariya a ƙasa, don haka a sauya man a wanke rariyar duk kilomita 5,000, in lokacin hunturu ne mai ƙura ma kafin haka. A daidaita bawul a milimita 0.15, da safe kafin a tayar da ita. Wannan ka koya da hannunka, sifana ɗaya ce da sukundireba da ma'auni. Bel ɗaya ne ke juya janareto da fanka, saboda haka in jar fitilar caji ta kama kana tafiya, ba maganar batir ba ce kawai, wataƙila fanka ta tsaya. Ka sauka gefe nan take ka duba. Ka riƙa yawo da bel na ajiya.

Sai wuta. Tiyon mai a kunkuru yana bi ta kusa da distributa da abubuwa masu zafi, kuma injin yana bayanka, ba za ka ga hayaƙi ba sai masu babur sun fara yi maka ihu. Ka sa sabuwar tiyo, ka ɗaure kowane baki da kilif, ka sayi abin kashe gobara ka ajiye inda hannunka zai kai, ba cikin but ba. Batir kuma yana ƙarƙashin kujerar baya. A rufe kansa, don in mai nauyi ya zauna, ƙarfen kujerar na iya taɓa shi.

Kawu, injin Peugeot 505 ɗina ya gaji, yana shan bakin mai yana hayaƙi. An ba ni shawarar in sa injin Toyota na Beljiyam, wai kayan Fijo sun ƙare, waɗanda ake samu kuma jabu ne. Mene ne ra'ayinka?
*Wani ma'aikacin asibiti, Sakkwato*

Ya danganta da abin da motar take a wurinka, Malam. In ita ce ke ciyar da gida, kana lodi da ita Sakkwato zuwa Illela, ba zan ga laifinka ba in ka sa injin da kowane ƙauye ke da kayansa. Sai dai a yi aikin da kyau, a kuma je a gyara lambar inji a takardu, kada ka sha tambaya a hanya. In kuwa don sha'awa kake riƙe da ita, amsata a'a ce. Sanya baƙon inji ba ya tsayawa a inji: za a yanka mazauninsa, a ƙera farantin haɗa shi da giya ko a sauya giyar, a taɓa farfela, a yi wa wayoyi ɗinki. A 504 da yawancin 505 farfelar tana cikin wani bututu ne da ya haɗe giya da aksul na baya, kuma wannan haɗin yana cikin abin da ya sa motar ke tafiya lumui a kan gargada. Mai walda ya shiga wurin, ba ta komawa yadda take.

Kwasfar silindar da na yi wa malamar Zariya bayani ita ce gatanka. In injinka mai lita 2 ne irin na 504, ba sai an kai bulok an huda ba. Ana sayen kwasfa huɗu da fistin da ringinsu a saiti, a zare tsofaffi a zura sababbi, a auna karanshaf a sa metal daidai da shi, injin ya dawo sabo.

Batun kaya sun ƙare, ba su ƙare ba, nema ne ya ƙaru. Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas da kasuwar Nnewi duk akwai, wani lokaci har tsohon kaya sabo fil a kwalinsa na asali, ya yi ƙura a saman kanta, mai shagon ma ya manta da shi. Jabu kuwa gaskiya ne, ya yi yawa, kuma kwalin jabu ya fi na gaske kyau. Ka tafi da tsohon abin a hannunka. Ka ɗora su a tafi biyu ka ji nauyi, ka duba ko sunan kamfanin a jikin ƙarfen aka buga shi ko a takarda aka liƙa. Ga ƙa'idar da nake bi: abin ƙarfe, kamar kan inji, gidan giya ko ƙofa, tsohon na asali ya fi sabon da ba a san uwarsa ba, abin roba, kamar tiyo, bel, sil da robobin birki, sabo kawai, ko na Beljiyam ne ban so. Araha ba ta ado, balle a birki.

Abin da ya gagara a gida, kamfanonin ba su yar da tsofaffinsu ba. Peugeot na da sashen kayan tsofaffin motoci da ke haɗe da gidan tarihinsu na Sochaux, Mercedes na da nasu a Fellbach kusa da Stuttgart, Volkswagen ma haka, kayan kunkuru kuma har gobe ana yin su a Brazil da Meziko. Da canjin kuɗin yanzu abin da zafi, don haka ƙananan abubuwa masu wuyar samu kawai ake odarsu, a ba ɗan'uwa mai dawowa ya saƙo a jaka. Kafin ka aika, ka kwafi lambar shasi da ta inji daga jikin motar, ba daga takarda ba, ka ɗauki hoton tsohon abin kusa da ma'auni ka haɗa da saƙon.